Ba Kora Ba Ce, Ba Kuma Sammu Ba

Ranar Asabar 'yar ƙanwata ta dawo daga gidan kitso tana kuka, kanta rabi a tsefe. Makitsiya ta ga wani fili a ƙeyarta, sumul kamar tafin hannu, faɗinsa bai wuce kwabo ba, sai ta ajiye tsinke ta ce kora ce, a tafi da ita. Kafin magariba kakarta ta yanke hukunci: an yi wa yarinya sammu. Aka goga mata tafarnuwa har fatar ta saɓule.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kora da makero suna zuwa da ɓawo da ƙaiƙayi, gashi ya kakkarye, kuma suna yaɗuwa, don haka ban ga laifin makitsiya ba da ta yi taka-tsantsan. Amma wannan wurin ba ɓawo, ba ƙurji. Likitan fata da ya duba ya ce alofeshiya ariyata ce. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ke juyowa ta far wa saiwar gashi. Saiwar ba ta mutuwa, shi ya sa gashin kan sake tsirowa, wani lokaci fari kafin ya koma baƙi. Ba a ɗaukar cutar a mataji ko askar wanzami.

Kimanin mutum 2 cikin 100 za su gamu da ita a rayuwarsu, galibi kafin shekara 30, maza har a gemu. Akwai gado a ciki. Ta fi kama masu ciwon maƙoƙo na garkuwar jiki, da masu ciwon suga irin na yara, da masu asma. Tashin hankali ko zazzaɓi mai tsanani na iya tayar da ita ga wanda jikinsa ke ɗauke da ita.

Na sha faɗa: mai kemis ba likita ba ne. Wanda ke kan layinmu ya miƙo man makero ko kallon kan bai yi ba. Wannan ganganci ne, cin amana ne! A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin baricitinib ga masu tsananin cutar, mu kuwa muna ƙona kan yara da tafarnuwa, muna zargin maƙwabta.

Yarinyar ta ƙi zuwa Islamiyya kwana uku. Da na je lallashinta, tambayarta ɗaya: “Kawu, wa na yi wa laifi?”