Yaran da ke ji wa kansu ciwo: wa zai saurare su?

'Yan uwana mazauna Sabo da sauran zangunan Kudu.

Yau maganar da na kawo tana da nauyi, amma shiru ba ya maganinta. Akwai yara masu tasowa da ke ji wa jikinsu ciwo da gangan idan baƙin ciki ya yi musu yawa. Wani zai ce ai wannan halin 'ya'yan Turawa ne. To ba haka ba ne. Wani bincike na 2018 da ya tattara bayanai daga ƙasashe 41 ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 na matasa sun taɓa yi, wato kamar yaro ɗaya cikin shida. Yawanci a wajen shekara 13 suke farawa, kuma mata sun fi maza. Dalilin da suka fi faɗa shi ne neman sauƙin abin da ke cin ransu. Ba dukkansu ke neman mutuwa ba, amma wanda ya fara ya fi sauran shiga haɗarin hallaka kansa.

Ni ɗan ɗan kasuwa ne, na san yadda gidajenmu suke. Uba ya fita tun asuba, sai bayan isha'i. Yarinya ta rufe hannunta da hijabi, babu mai gani.

Abin da ya fi damuna shi ne asibiti. Mu da aka haifa a nan muna jin Yarabanci, amma yarinyar da aka kawo riƙo daga Arewa, ko yaron da ya zo ci-rani, ba su ji. Sai uba ko yaya ya zama tafinta. Don Allah, ta yaya yarinya za ta faɗi damuwarta ta bakin wanda take jin nauyinsa, ko ma shi ne sanadin damuwar? Sai ta ce tsautsayi ne, a ɗaure ciwo, a sallame ta.

Roƙona ga likitoci da nas-nas da masu kemis: idan kun ga tabon da bai yi kama da tsautsayi ba, kada ku tsaya ga wanke ciwo. Ku keɓe da yaron, ku nemo tafintan da ba ɗan gidansu ba, ku tambaye shi kai tsaye cikin taushin murya. Tambaya ba ta sa yaro ya aikata.

Mu kuma iyaye da yayye, duka da gori ɓoyewa kawai suke ƙarawa. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a UCH Ibadan, da Aro a Abeokuta, da Yaba a Legas. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalam.