Ba a loda rake a kan zanen amalanke

Wani ɗalibina a nan Matameye ya kawo mini wayarsa ransa a ɓace. Ya kwafo ƴan layukan Java daga intanet, amma duk sanda ya gwada sai shirin ya tsaya, a rubuto masa NullPointerException. Har ya yanke cewa kansa ba zai ɗauki wannan ilimi ba. Da na duba, kuskuren ɗaya ne: ya ba abu umarni alhali bai ƙirƙire shi ba.

Malamai da iyaye, abin ba shi da wuya. A irin wannan harshe ana fara rubuta tsari, kamar zanen amalanke a hannun mai walda: ƙafa biyu, wurin kaya, aikinta ɗauka da saukewa. Amma zane ba ya kai rake kasuwa. Sai an ƙera amalanken, wanda a Java ake yi da kalmar new, sannan kwamfuta ta ware mata gurbi a ma'ajiyarta. In ka ce a sauke kaya, dole a san na wace amalanke, domin kowace da nata lodin. Yaron nan ya rubuta sunan amalanke, bai ƙera ta ba. Mu kuwa ba ma raɗa suna sai an haihu.

Wannan tunani ya fito ne daga harshen Simula na 1967, aikin Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard a Norway. Shi kuma sunan da babu komai a bayansa, Tony Hoare ne ya shigo da shi a 1965, kuma a 2009 da bakinsa ya amsa cewa kuskure ne mai tsadar gaske. In manyan masana sun yi tuntuɓe a nan, don me za mu bar yaro ya ɗauka shi daƙiƙi ne?

Ra'ayina, hadda ce ke cutar da su. Muna sa su kwafe layuka ba tare da sanin dalili ba. Wasu za su ce ai ba mu da kwamfutoci, kuma gaskiya ne. Amma wannan darasi allo da alli sun ishe shi: ɗalibi ɗaya ya riƙe zane, biyu su zama amalanke, ajin ya riƙa ba da umarni ya ga wa zai iya amsawa.

Iyaye kuma, in ɗanku ya ce ya iya, ku sa shi ya bayyana muku da Hausa. In ya kasa, a koma kan zanen.