Ba Batisma Ce Matsalar Ba

A fadoji da ɗakunan kwanan ɗalibai, daga Yamai har Maraɗi, magana ɗaya ake ta maimaitawa: wai in musulmi na son ƴar Katolika, sai an yi masa batisma kafin coci ta yarda. Ƴan uwa, ƙarya ce, kuma masu yaɗa ta ko shafi ɗaya na dokar ba su buɗe ba.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, bin diddigin kalma shi ne aikina. Kundin dokokin cocin Katolika na 1983 bai ce kowa ya bar addininsa ba. Doka ta 1086 ta ce auren ɗan Katolika da wanda ba a yi wa batisma ba bai ɗauruwa sai da izini na musamman, kuma bishop ke ba da shi. Doka ta 1125 ta kawo sharaɗi: mai bin Katolika shi ke alkawarin riƙe imaninsa da ƙoƙarin a yi wa ƴaƴa batisma. Ɗayan, sanar da shi kawai ake yi. A da shi ma sai ya ɗau alkawari, Fafaroma Paul na shida ya sauya haka a 1970. Kalmar Latin ɗin ma pro viribus ce, wato gwargwadon ƙarfi. Ina tilas a nan?

To, kar masu cewa "so ya fi komi" su yi saurin tafi. Ƙullin na gaba. Uba musulmi na ganin ƴaƴansa addininsa za su bi, ga uwa ta riga ta yi alkawari a coci. Ranar suna, wa zai sassauta? Dabarar nan ta "fatiha da safe, coci da marece" ita ma doka ta 1127 ta toshe ta: ba a sake ɗaura auren a wani bikin addini. A ɓangarenmu kuma, malamai ba su yarda musulma ta auri wanda ba musulmi ba.

Jita-jita na sa mu faɗa a kan abin da babu, mu bar abin da ke akwai. Masoya su je wurin limamin coci, su je wurin malam, su ji sharuɗɗan da kunnensu, su yanke maganar ƴaƴa tun ba a kai sadaki ba.