FILIN MATA: Turaren Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato ya kan wuce awo 40, kuma a lokacin ne mata da yawa ke hasarar kuɗinsu wajen turare. Humra da turaren wuta suna da daɗi da hunturu, amma da bazara sai su yi nauyi, har su sa wa na kusa ciwon kai. Dalili kuwa shi ne zafi yana ta da ƙamshi da sauri.

Abin da ya dace da bazara shi ne turare marar nauyi, mai zaƙi-zaƙi, wanda aka haɗa ƙamshin 'ya'yan itace da na furanni. In kin shafa, da fari sai ki ji kamar an ɓare lemo a ɗaki. Wannan ba ya daɗewa. Bayansa sai ƙamshin wardi ko yasmin ya fito, ya yi 'yan sa'o'i. Daga ƙarshe sai miski ko sandal ya rage a jikin tufa. Saboda haka in kin je Tsohuwar Kasuwa, ko kin aiki yarinya, kada a saya don shinshina bakin kwalba kawai. A ɗiga a hannu, a dakata kamar rabin sa'a tukuna.

Iyayenmu sun san Bint El Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na London ya fito da shi a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Na furanni ne, mai maiƙo, ba barasa a ciki. Irin wannan ya fi na feshi jure zafi, amma ɗigo biyu sun isa.

To, ga gargaɗi uku. Na ɗaya, man ɓawon lemon tsami da danginsa, in ya taɓa fata rana ta buga, ya kan bar baƙin tabo mai wuyar gogewa. In za ki shiga rana, ki sa turaren a gefen gyale, ba a wuya ba. Na biyu, kada ki ajiye kwalba a taga. Rana tana lalata ta. Ki sa ta cikin akwati ƙarƙashin tufafi, ki toshe bakin sosai. Na uku, turare ba ya maye gurbin wanka. Ƙamshi mai zaƙi a kan gumi ya fi gumin kansa muni.

Ku kuma 'yan makaranta, ku tuna aji ɗaki ɗaya ne, iskar ta kowa ce. Turaren kirki shi ne wanda sai an matso kusa a ji shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.