Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin 'Yan Kasuwar Waya Na Farm Centre, Kano

Iyayenmu shugabanni,

Ina rubuto muku ne kan cinikin tsofaffin wayoyi da ya koma Facebook da WhatsApp. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma yau ɗalibi kan tura kuɗin da ya yi watanni yana tarawa don hoto kawai. Wani a aiko masa da waya a kulle, wani kuma ta sata, ya wayi gari a hannun 'yan sanda.

Ina roƙonku ku kafa wa masu talla a intanet ƙa'idoji huɗu.

Na ɗaya, a nuna lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan an danna *#06#, a kuma rubuta ta a rasit tare da lambar shago.

Na biyu, a cire asusun iCloud ko Google na tsohon mai wayar kafin a miƙa ta.

Na uku, a faɗi aibi: in an canza gilashi, ko ƙarfin batirin iPhone ya gaza kashi 80 cikin 100. Ɓoye aibi na cinye albarkar ciniki.

Na huɗu, a bar mai saye ya gwada kafin ya biya, ko a ba shi kwanakin mayarwa.

Wake ɗaya ke ɓata gari. Ku kare sunan kasuwarku, mu ma mu saya da kwanciyar hankali.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wassalam,
Ɗanku, mai saye daga Kano