RA'AYI: Kafin a yanke wa turbo hukunci, a fahimci abin da allura ke faɗa

Motocin da ke shigowa Najeriya sun sauya, amma ilimin da muke kula da su da shi yana nan inda yake. Honda Accord ƙirar 2018 da injin turbo ta zo. Haka Mercedes C300 tun ƙirar 2015. Ita kanta Land Cruiser, dokin manyan jami'an gwamnati, ta ajiye injinta mai silinda takwas a 2021, ta koma mai silinda shida da turbo biyu. Irin waɗannan motoci yanzu suna yawo daga Maitama a Abuja har zuwa Damilu a Jimeta, kuma sun zo da wani ƙorafi da ke cinye kuɗin mutane: mai mota ya dubi agogon turbo, ya ga allura ba ta tashi, sai ya yanke cewa turbo ya mutu.

A mafi yawan lokuta lafiyarsa ƙalau. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya ta farko, ta biyun kuma ta matsa iska cikin inji domin ya ƙona ƙarin mai, ya ba da ƙarin ƙarfi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905. Sandar tana iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, amma sai hayaƙi ya yi yawa, hayaƙi kuwa ba ya yawa sai an taka totur sosai.

Wanda ya fito daga Damilu zai je Kasuwar Zamani ta Jimeta, yana bin bayan Keke Napep, yana taka birki a kowace mahaɗa, bai nemi ƙarfi daga injinsa ba. A motar fetur, ƙofar shigar iska kusan a rufe take a irin wannan tafiya, inji na zuƙar iska ne da kansa, shi ya sa allura ke kwanciya ƙasa da sifiri. Kwamfutar motar ma tana iya buɗe wata ƙofa da ke karkatar da hayaƙi daga fankar, tunda ba a buƙatarta. Haka aka ƙera motar ta yi. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, allurar da ke kwance a cikin gari albishir ce, domin tana nuna inji ba ya zuƙar mai fiye da kima.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Agogon gaban mota yakan fara ƙirga ne daga nauyin iskar da muke shaƙa, ya kira shi sifiri. Na'urar binciken da ake jonawa da kwamfutar mota kuwa sau da yawa tana haɗawa da wannan nauyi, wanda ya kai kusan bar 1. Bakaniken da bai san bambancin ba zai iya karanta lamba daidai, ya yi mata fassarar kuskure.

Yanayin Adamawa ma yana da nasa tasiri. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40. Iska mai zafi tana sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, abin da ke lalata inji, don haka kwamfuta kan rage ƙarfi domin ta kare shi. Da yawa daga injinan turbo an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, alhali gidajen manmu galibi iri ɗaya suke sayarwa, balle na 'yan bumburutu da ba wanda ya san da me aka gauraya shi. Ba a manta da farkon 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam. Ƙurar hunturu kuma tana toshe filtar iska, turbo ya rasa abin da zai matsa.

Wannan ba ya nufin turbo ba ya lalacewa. Alamunsa dai daban ne. Idan aka hau buɗaɗɗen titi kamar hanyar Numan, aka taka totur don wuce tirela, mota ta ƙi ja kuma allura ta ƙi tashi, akwai matsala. Haka nan idan aka ji fito ko huci daga inji, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ko baƙin mai na raguwa ba tare da yoyo ba, ko fitilar inji ta kama na'ura ta nuna lambar P0299. Ko a nan ma, sau da yawa tiyon iska ne ya tsage, ko abin ɗaure shi ya kwance, ko filta ta toshe. Duk waɗannan gyara ne mai sauƙi idan aka kwatanta da kuɗin sabon turbo.

Dalilin da ya sa batun ya shafi ma'aikatan tarayya da hadiman manya shi ne, su ne ke sa hannu a takardun gyaran motocin ofis. Idan direba ya kawo takarda cewa a sauya turbo, ya kamata jami'in sufuri ya nemi sakamakon binciken na'ura, da shaidar cewa an gwada tiyo da filta, kafin a fitar da kuɗin jama'a. Hukumar NADDC, wadda horar da makanikai na cikin ayyukanta, ya dace ta kai horon injinan turbo da na'urorin bincike garejojin Jimeta, Gombe da Jalingo, domin motocin sun riga horon isa can.

Akwai kuma batun rai. Matashin da ya ga allura a kwance, ya shiga layin unguwa ya take totur don ya ga ta tashi, yana wasa ne da rayukan yaran da ke tsallaka titi. Wurin gwaji shi ne gareji mai kayan aiki, ko buɗaɗɗiyar hanya tare da ƙwararre.

Abin da turbo ke buƙata daga mai shi kaɗan ne: baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta, a sauya shi kan lokaci, a riƙa duba filta a lokacin hunturu, a sha mai a gidan da aka amince da shi, bayan doguwar tafiya, kamar daga Abuja zuwa Yola, a bar inji ya yi aiki a tsaye na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan harka kuɗinsa ake biya, wani lokaci daga aljihun mai mota, wani lokaci daga baitulmali.