Tafasa Ba Ciyawar Banza Ba Ce

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo ƙasar Gwandu da Kalgo wadda ya kamata a tsawata mata, watau raina tafasa. Yaro ya yi makaranta, ya komo gida, ya tarar da uwarsa tana kwaɗon tafasa, sai ya yatsine fuska ya ce wai abincin yunwa ne. Manomi kuma ya ɗauki tulun feshi, ya bi gefen gona da bakin hanya ya ƙone ta ƙurmus, yana ganin ya yi tsabta. Dukansu biyu sun ɓata.

Lalle tafasa abincin yunwa ce, amma wannan ai yabo ne. A farin 1973 da na 1984, da kuma ƙuncin da ya sami Nijar a 2005, ganyayen daji irin su tafasa suka riƙe gidaje da yawa. Ko a shekarar da babu fari, tana fitowa ne da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Mata su tsinko ɗanyen ganye, su dafa, su zubar da ruwan farko, su matse, su kwaɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da albasa. Abin da ya ragu a shanya don miyar rani. Ba a shuka ta ba, ba a yi mata taki ba, ba a biya ko kwabo ba. Wace shinkafa ce ta taɓa yi wa talaka haka?

Mai raina ta ya tambayi 'yan kasuwa. Ƙwayar tafasa ana auna ta a buhu, a kai ta Sin da Indiya. A Sin da Koriya ana soya ta a yi shayi. A Indiya ana fitar da wani gari mai danƙo daga cikinta, wanda ƙasashen Turai suka yarda a 2010 a riƙa sa shi a abinci don ya yi kauri. A Sudan kuwa ana ruɓar da ganyen a cikin tukunya, a kira shi kawal, a sa a miya a madadin nama. Ashe abin da ake fesa wa guba a Kalgo kuɗi ne a wani gari.

Wajen magani ma kakanni ba su yi wauta ba. Sun san ganyen yana sassauta ciki, sun san ana daka shi ko ƙwayarsa a shafa wa makero, kuma masana sun sami sinadarin da ke yin wannan aiki a cikinsa. Malaman jihadi ba su raina irin wannan sani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan filasko, ɗan'uwan tafasa, da yadda ake wanke ciki da shi. Wanda ya ce zancen ganye zancen jahilai ne, to, da Bello yake ja.

Amma masu tallar magani a kasuwa su ma da nasu laifin, don suna cewa abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Ƙarya ce. Ɗanyar ƙwayar tafasa in ta yi yawa tana yi wa kaji da shanu lahani. Rai-ɗore kuwa, mai kama da ita, ya fi haɗari: a arewacin Indiya likitoci sun gano cewa cin ɗanyar ƙwayarsa ya kashe yara da dama, ta hanyar lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Bambanta su ba wuya. Ganyen tafasa bakinsa da faɗi, uku-uku a kowane gefe, kwasfarta siririya ce, a lanƙwashe kamar lauje. Ganyen rai-ɗore da tsini, kwasfarsa a baje.

Haɗarin da ya fi kusa shi ne na feshin nan. Yarinya ta tafi tsinkar ganye da safe, ba ta san jiya mai gona ya fesa ba. Hakimai da dagatai na Gwandu da Kalgo suna da ikon sa a yi shela a hana fesa bakin hanya da makiyaya, wanda ya fesa gonarsa kuma ya kafa alama.